140,431,790: Halayen adadin da ake raba arzikin ƙasa a kansa

Kafin rana ta fito, unguwannin da ke gefen kogin Iku a Suleja sun riga sun fito da mutanensu bakin titi. Akwai masinja, akwai akawu, akwai mai binciken kuɗi, akwai hadimin ɗan majalisa, kowa na neman motar da za ta bi da shi ta gindin dutsen Zuma da Madalla da Zuba, ta sauke shi a Abuja kafin ƙarfe takwas. Da yawansu da alƙaluma za su wuni: jadawalin albashi, ƙiyasin kwangila, daftarin jawabin maigida.

Cikin adadin da suka daɗe suna yawo a irin waɗannan takardu akwai 140,431,790. Shi ne yawan mutanen Najeriya bisa sakamakon ƙarshe na ƙidayar da aka yi a watan Maris na 2006, lokacin da Samu'ila Danko Makama ke shugabantar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tun daga sannan ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka tsara yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Saboda haka wannan adadi, da ƙiyasin da ake ɗorawa a kansa, shi ne har yanzu madogarar tsare-tsare. A rabon kason jihohi daga asusun tarayya, yawan jama'a kaɗai na ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin.

Adadin da ke da wannan nauyi ya cancanci a zauna a dube shi, kamar yadda mai sayen doki ke buɗe bakinsa ya duba haƙora. Ilimin lissafi na da hanyoyin yin haka, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne a ƙasar Hausa.

Kiran sunansa ma aiki ne

A baki, adadin shi ne miliyan ɗari da arba'in, da dubu ɗari huɗu da talatin da ɗaya, da ɗari bakwai da casa'in. A nan ma akwai tarko. Idan aka ce "dubu ɗari da biyar", wani zai rubuta 105,000, wani kuma 100,005, kuma babu wanda za a ce bai ji Hausa ba. Shi ya sa 'yan kasuwa kan warware da cewa "dubu ɗari da dubu biyar" ko "dubu ɗari da guda biyar". Haka nan tsakanin miliyan da biliyan harafi ɗaya ne a rubuce, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu. Mai fassara jawabin kasafi da ya yi santsin baki a nan ya mayar da kuɗin babbar hanya kuɗin kwalbati.

Hanya mafi sauƙi ta jin girman adadi ita ce a mayar da shi lokaci. Wanda zai ƙirga mutum ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kai kwana 1,625 kafin ya gama da 140,431,790, wato shekara huɗu da wata biyar da 'yan kwanaki. Tiriliyan ɗaya kuwa, a wannan sauri, sai ya ci fiye da shekara 31,000. Kasafin kuɗin tarayya na 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99.

Manyan adadi ba baƙi ba ne ga Bahaushe. A zamanin wuri, fatake na da metan da arbaminya da hamsaminya, da alif da alfyan da zambar, sannan da keso, wato wuri 20,000. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ba da labarin yadda aka tara mutane a Tasawa a 1851 don ƙirga wuri 500,000, ana jan su biyar-biyar ana tarawa tsibi-tsibi. Da a ce kowane ɗan Najeriya na ƙidayar 2006 wuri ɗaya ne, da an cika keso 7,021, a bar 11,790 a kan tabarma.

Shafa'i ne, kuma tubalansa biyar

Tambayar farko da ake yi wa adadi ita ce wadda duk mai sallar dare ya sani: shafa'i ne ko wutiri? Wannan shafa'i ne, domin ya ƙare da sifiri, kuma wannan sifirin ya nuna yana rabuwa gida biyar da gida goma ba tare da saura ba.

Bambancin shafa'i da wutiri ba wasan yara ba ne a wurin magabata. Malamin nan na Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimi, wato murabba'in gidaje da ake zuba wa lambobi har jimlar kowane layi ta zo daidai, a tsaye da a kwance da a karkace. Hanyoyin da ya bayyana na hatimin da yawan gidajen gefensa wutiri ne. Na shafa'i dabararsa daban ce.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi: da me aka gina adadin? Akwai lambobin da babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ana iya kiran su gagara-rabo. Su ne tubalan duk sauran lambobi, domin kowane adadi da ya wuce ɗaya, ko dai shi kansa gagara-rabo ne, ko kuwa an same shi ta ninka waɗansu gagara-rabo da juna, kuma ta hanya ɗaya tak.

Idan aka cire 2 da 5 daga 140,431,790, za a sami 14,043,179. Wannan ya ƙi 3, ya ƙi 7, ya ƙi 11, 13, 17 da 19, sai a kan 23 ya sallama, ya ba da 610,573. Shi kuma wannan sai an yi haƙuri an kai 157 kafin ya tsage, ya bar 3,889, wanda babu mai raba shi. Ke nan:

140,431,790 = 2 × 5 × 23 × 157 × 3,889

Daga wannan layi ɗaya ake karanta sauran halayensa. Tubalan biyar ne, kuma babu wanda ya maimaitu. Saboda haka lambobin da ke raba shi daidai 32 ne kacal, tun daga 1 har zuwa shi kansa. Ba kuma zai jeru sahu-sahu ya ba da murabba'i cikakke ba: sahu 11,850 na mutum 11,850 sun ba da 140,422,500, sun gaza, sahu 11,851 na mutum 11,851 kuma sun ba da 140,446,201, sun zarce.

Wahalar da aka sha kafin a gano 157 da 3,889 ita ce sirrin da ke tsare kuɗin mutane a yau. Ninka gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba mutum sakamakon a ce ya nemo su, idan kowannensu na da ɗaruruwan alƙaluma, aiki ne da ya gagari manyan kwamfutoci. A kan wannan aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda bankuna da shafukan intanet suka daɗe suna dogara da shi. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Uƙlidis na Iskandariyya ya tabbatar da cewa gagara-rabo ba su da iyaka, kuma har gobe ana farautar manyansu. Wanda aka gano a watan Oktoba na 2024 yana da alƙaluma 41,024,320. Ana samun sa ne idan aka jera lamba 2 har sau 136,279,841 aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya.

Da idon mai rabon gado

Duk wanda ya zauna gaban malamin fara'ila ya san cewa rabon gado rabinsa fiƙihu ne, rabinsa lissafi. Malaman sun kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu. Tamasuli shi ne su zo daidai da juna. Tadahuli shi ne ƙarami ya shige cikin babba ba saura. Tawafuƙi shi ne ƙaramin bai shige ba, amma akwai wata lamba ta uku da ke raba su duka. Tabayuni kuwa shi ne babu abin da ya haɗa su sai ɗaya.

A ɗora adadin ƙidaya a kan wannan sikeli tare da lambobin da ma'aikacin tarayya ya saba da su. Da 23, tadahuli ne: gida 23, kowane mutum 6,105,730, babu saura. Da kujerun Majalisar Dattawa 109, tabayuni ne: kowace kujera 1,288,365, saura mutum biyar. Da jihohi 36 da Abuja, wato 37, shi ma tabayuni ne, saura 29. Da kujerun Majalisar Wakilai 360, tawafuƙi ne ta hanyar goma: kowace kujera 390,088, saura 110. Da ƙananan hukumomi 774, tawafuƙi ne ta hanyar biyu: kowace ɗaya 181,436, saura 326.

Akwai wani rabon azuzuwa da Nikomakus ya rubuta a kansa da Girkanci, Sabit bin Ƙurra ya mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Ana tara duk lambobin da ke raba adadi, ban da shi kansa. Idan jimlar ta zo daidai da shi, kamili ne, kamar 6, wanda ya fito daga 1 da 2 da 3, ko 28. Idan ta wuce shi, mai rara ne, kamar 12, wanda masu raba shi suka tashi 16. Idan ta kasa, mai giɓi ne. Masu raba 140,431,790 sun tashi 125,084,050, saboda haka mai giɓi ne.

Wannan na bayyana dalilin da ya sa mutane suka zaɓi wasu lambobi don awo. Asalin mas'alolin gado na komawa ga irin su 6, 12 da 24, yini na da awa 24, awa na da minti 60, da'ira na da digiri 360, duk domin suna rabuwa ta hanyoyi da yawa. Lamba 360 na da masu raba ta 24, alhali adadin ƙidaya, wanda ya ninka ta sau dubu ɗari uku da casa'in, 32 kawai gare shi. Lambar da mutum ya zaɓa da kansa takan zo da santsi. Wadda aka samu ta bin gida-gida takan zo da ƙaiƙayi.

Mizanin tara

Daga duk waɗannan dabaru, wadda ta fi amfani ga mai zama a tebur ita ce wadda malaman lissafi na Larabawa ke kira mizani. Ana tara alƙaluman adadi, a sake tara na sakamakon, har a sami alƙalami ɗaya. Na 140,431,790 sun ba da 29, 2 da 9 sun ba da 11, 1 da 1 sun ba da 2. Mizaninsa 2 ne, wato abin da zai yi saura idan aka raba shi gida tara.

Hukumar Ƙidaya ta ce maza 71,345,488 ne, mata 69,086,302. Alƙaluman maza sun tashi 40, mizani 4. Na mata sun tashi 34, mizani 7. Huɗu da bakwai sha ɗaya, mizani 2. Ya dace da na jimla. Da an sami saɓani, da tabbas akwai kuskure a tarawa ko a kwafa, kuma an gano shi cikin minti ɗaya ba tare da na'ura ba.

Sai dai mizani na da makanta. Idan mai buga takarda ya musanya alƙaluma biyu, ya rubuta 140,413,790, jimlar alƙaluman tana nan a 29, mizani ba zai ce komai ba, alhali mutum 18,000 sun ɓace. Tsofaffin akawu sun mayar da wannan rauni makami. Bambancin da musanya ke haifarwa kullum yana rabuwa gida tara. Haka ma na sifirin da ya faɗi: tsakanin 5,400,000 da 540,000 akwai 4,860,000, wanda alƙalumansa suka tashi 18. Saboda haka idan ɓangarori biyu na lissafi suka ƙi haɗuwa, abin farko shi ne a raba giɓin gida tara. In ya rabu daidai, a fara neman inda yatsa ya zame kafin a fara zargin mutum.

Irin wannan tunani ne ke cikin lambar asusun da albashi ke faɗawa. A tsarin NUBAN da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2010, lambar asusu na da alƙaluma goma, amma na ƙarshe mai gadi ne. Ana samun sa ta ninka alƙaluman lambar banki da tara na farko da 3, 7, 3 bi da bi, a tara, a duba abin da ya rage a cika goma. An zaɓi 3 da 7 ne domin tsakaninsu da 10 tabayuni ne, kuma saboda haka duk kuskuren alƙalami guda sai ya fito fili. Ƙa'idar da almajirin fara'ila ke haddacewa a zaure ita ce ke hana albashin wani faɗawa asusun wani.

Masu binciken kuɗi na da wata dabarar kuma. Simon Newcomb a 1881, sannan Frank Benford a 1938, sun lura cewa a tarin alƙaluman da suka taso da kansu, kamar yawan mutanen garuruwa ko kuɗin rasiɗai, kusan kashi 30 cikin ɗari na farawa da 1, waɗanda ke farawa da 9 kuwa ba su kai kashi biyar ba. Mai ƙirƙirar rasiɗai daga kansa ba kasafai yake bin wannan tsari ba. Saɓa masa ba hujjar laifi ba ce, amma yana nuna wa mai bincike fayil ɗin da zai fara buɗewa.

Abin da lissafi ba zai faɗa ba

Duk gwajin da aka yi a sama, adadin ya ci. Maza da mata sun haɗu sun ba da jimla, tubalansa sun fito, ajinsa ya bayyana. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓo tambayar da aka fi rigima a kanta, wato ko mutanen da ke ƙasar a watan Maris na 2006 sun kai haka, ko sun fi, ko sun gaza. Adadin ƙarya ma na da tubali da mizani.

Tarihi ya isa gargaɗi. Ƙidayar 1962 an soke ta, ta 1963 mai miliyan 55.6 ta jawo taƙaddama tsakanin yankuna, ta 1973 gwamnatin Murtala ta yi watsi da ita a 1975, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89. A ta 2006, Kano ta sami 9,401,288, Legas 9,113,605, gwamnatin Legas kuma ta ƙi amincewa, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Sakamakon wucin gadi da aka fara bayarwa 140,003,542 ne. Tsakaninsa da na ƙarshe akwai mutum 428,248. Adadin da gyaransa kaɗai ya kai haka, 790 ɗin da ke wutsiyarsa ado ne na takarda. Masana ƙidaya ma sun daɗe da sanin cewa inda ba a rubuta ranar haihuwa, shekarun da mutane ke faɗa kan taru a kan 30, 35, 40 da makamantansu, wato ko amsar da aka ba malamin ƙidaya a ƙofar gida ƙiyasi ce.

Suleja na daga wuraren da suka fi nuna tsufan adadin. Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, bayan gidan sarautar Haɓe na Zazzau ya baro Zariya a zamanin jihadi, kuma garin ya ɗauki sunan Abuja kusan shekara ɗari da hamsin. Da aka yanke shawarar sabon babban birni a 1976, sai ya ba da sunan da wani yanki na ƙasarsa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, tsadar haya ke turo ma'aikata wannan gefe. A ƙidayar 2006 an rubuta wa jihar Neja 3,954,772, Babban Birnin Tarayya kuma 1,406,239. Ma'aikacin da ke kwana a Iku ya wuni a sakatariyar tarayya, yininsa na Abuja ne, amma ruwan da zai sha, da makarantar 'ya'yansa, da asibitin matarsa, da magudanar da za ta kare gidansa idan Iku ya cika, duk suna wuyan jihar Neja da ƙaramar hukumar Suleja. Kason da ake turo musu kuwa na da jijiya a lissafin da aka yi kafin a gina da yawa daga gidajen da ke tsaye a yau.

Ga hadimin da zai sa adadi a bakin maigidansa, tambayoyi uku sun wadatar. Wa ya ƙirga? Yaushe? Sassan sun haɗu sun ba da jimlar? Ta uku ce kaɗai mizanin tara zai amsa. Biyun farko sai an tashi an nemo asalin takardar. Kuma sau da yawa "kimanin miliyan 140, bisa ƙidayar 2006" ya fi alƙaluma tara da aka jera ba shekara kusa da gaskiya.

Yaron da aka haifa a Iku mako guda bayan malaman ƙidaya sun tattara takardunsu ya cika shekara 18 a 2024. Ya isa yin zaɓe, ya isa buɗe asusu mai alƙaluma goma, wataƙila ma yana cikin masu tsayuwa a bakin titi da asuba suna jiran motar Abuja. A cikin 140,431,790 kuwa babu shi.